Makulli a Gwangwanin Sukari

Karo na uku ke nan Eino Lahtinen yana zazzage aljihunan rigar sanyinsa a kan murfin motarsa, Rhéa Gauthier kuwa tana kallonsa ta tagar kicin, hannuwanta cikin ruwan wanke-wanke. Ya fito da ƙugiyoyin kamun kifi, da guntun fensir, da wata takardar asibiti da ta cukurkuɗe. Ya tsaya ya zuba musu ido kamar ɗayansu zai rikiɗe ya zama abin da yake nema. Can sai ya ɗaga kai ya dubi gidanta.

Ta yi maza ta sunkuya kan tukunyar da ta riga ta wanke. Abin da yake nema, makullin babur ɗinsa na tafiya kan ƙanƙara, yana cikin gwangwanin sukarinta tun ranar Lahadi, kuma ita ta sa shi da hannunta.

Bai ƙwanƙwasa ba. Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka, ƙwanƙwasa ƙofa ya daɗe da fita tsakaninsu. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya shigo da safa mai huji a babban yatsa, yana haki kamar wanda ya hau tsauni, alhali taku arba'in ne tsakanin gidajen biyu.

"Madam Direba, ba ki ga makullin babur ɗina ba?"

Haka yake kiranta, don ta yi shekara ashirin da takwas tana tuƙa motar 'yan makaranta.

"Ni matarka ce, da zan san inda kake watsar da kayanka?"

"Matata ta fi ki ladabi, Allah ya ji ƙanta. A ƙusar bayan ƙofa nake rataye shi. Tun kafin ki yi furfura can ne wurinsa."

"To ka tambayi ƙusar. Zauna, tsoho, kafin ka zube mini a kicin in shiga uku."

Ya ja kujerar da ke fuskantar tafki ya zauna. Daga nan ana hango abin da ya hana shi sukuni: bukkarsa ta kamun kifi, koriya, ita kaɗai tilo a tsakiyar tafkin. Duk hunturu, da ruwa ya daskare, mazan garin kan ja bukkokinsu na katako zuwa can, su huda ƙanƙara, su zauna kamun kifi da gulma. A watan Janairu sai ka ce an yi sabon ƙauye. Amma doka ta ce kafin Maris ya fita kowa ya kwashe tasa, kuma kowa ya kwashe, ban da Eino. Makon da ake ta jan bukkoki yana kwance a asibiti, an liƙa masa wayoyi a ƙirji. Wa'adin ya cika tun Litinin, yau ga Alhamis.

Bana kuma zafi ya yi sammako. Ƙanƙarar da take fara fat ta koma toka-toka, wasu wuraren ta yi duhu kamar ƙurjin da ya nuna. Kwana biyar ke nan rufin gidaje na ɗiga ba dare ba rana.

Ranar da aka sallamo shi, 'yarsa Kaisa ta bugo wa Rhéa waya daga birnin Calgary tana kuka. "Anti Rhéa, don girman Allah ki ɗauke makullin nan. Na san Baba. Likita ya ce ko shebur kada ya ɗaga, amma zai hau tafkin nan, ƙanƙara kuma ta ruɓe." Rhéa ba ta buƙaci dogon roƙo ba. Shekara arba'in da suka wuce, a irin wannan watan, ƙanenta Normand ya hau tafkin nan da babur don ya yanke hanya zuwa gida. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora ƙafa a kan ƙanƙararsa ba, ko da a tsakiyar hunturu ne, lokacin da manyan motoci ke bi ta kai.

Ta zuba masa kofi. A al'ada sai ta turo masa gwangwanin sukari ya ɗebi cokali biyunsa da kansa. Yau ta juya masa baya, ta ɗiba ta zuba, ta mayar da gwangwanin can saman kanta.

"Yau kuma ke ce mai zuba mini sukari?"

"Likita ya ce a rage maka."

"Likitan ya bugo miki ke nan."

Ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon saman kantar kafin ya mayar da idonsa kan tafki.

Washegari ita ta kai shi gari karɓar magani, don an hana shi tuƙin mota har wata shida. A hanyar dawowa ya ce su tsaya shagon Lorne Bukowski, inda ake sayar da ƙusoshi da tsutsar kamun kifi da kofin da ba mai sha don daɗinsa. Lorne shi ne kuma shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin, saboda haka duk wanda ya rufta cikin ruwa, shi ake tasa.

"Sabon makulli? Sai an aiko daga birni," in ji Lorne, yana kallon ko'ina ban da fuskar Rhéa. "Kwana goma, in an yi sa'a."

"Kwana goma. Kafin nan kifaye sun tare a bukkata."

Rediyon da ke kan kanta yana ta maganar kasafin kuɗi da bashin da ke kan ƙasa. Wannan kuwa ita ce waƙar Eino, kowa a garin ya haddace ta. Ya nuna rediyon da cokali.

"Kun ji su ko? Biliyan kaza, biliyan kaza. Su ci yau, jikoki su biya gobe. Tun ina cikin ramin ma'adinai nake jin haka. 'Yan jam'iyya masu jar tuta su zo su ci, masu shuɗiya su zo su ce a'a, sannan su ma su wanke hannu su zauna."

"Ka tsaya takara mana, mu huta," in ji Rhéa.

"Ke za ki zaɓe ni?"

"Ko kai kaɗai ne a takardar, ba zan zaɓe ka ba."

Lorne ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya jingina da kanta ya ce, "Eino, bar wasa. Jiya na fasa ƙanƙarar bakin gada. Kauri kam tana da shi, inci goma sha takwas. Amma kaurin Afrilu ƙarya ne. Cikinta duk ta tsattsage a tsaye kamar an jera kyandir. Ka taka, ta watse a ƙarƙashinka."

"Yaro, ranar da na fara huda tafkin nan, ba a yaye ka ba."

Yaron da ake magana gemunsa ya yi fari, yana da jikoki biyu.

"Bakin gada akwai ruwa mai gudu a ƙasa, kowane jaki ya san wannan," Eino ya ci gaba. "Ɓangarena inuwa ce. Ba a yi wa tafki kuɗin goro."

"To ka bar bukkar mana. Tara ce za su ci ka, ka biya. Ka kwanta asibiti, kowa ya sani."

Eino ya ajiye kofinsa a hankali. "Ba tarar ba ce. Akwai murhu a ciki, da tulun gas, da gwangwanin kalanzir. Lambata tana jiki da farin fenti, daga gaɓa ma ana karantawa. In ta nutse, a kanta yara za su yi iyo a watan Yuli. A ce ta wa? Ta Lahtinen. Ubana abu ɗaya ya koya mini, in ka ci abinci a daji ka kwashe kwanonka. Shekara arba'in ina zagin gwamnati a kan barin wa na baya kaya, sannan in zo in tafi in bar nawa?"

"Ka tafi ina?" in ji Lorne.

Rediyo ya koma maganar yanayi, ya ce yau da dare sama za ta washe, ranar Lahadi kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Lorne ya gyara murya. "Ji nan. In ta nutse, watan Mayu mu fita da jirgi da ƙugiyoyi, ni da kai, mu ciro ta."

"Da ƙugiyoyi. Kamar gawa."

Cokalin Rhéa ya suɓuce ya faɗi ƙasa. A watan Mayu aka ciro Normand, da jirgi da ƙugiyoyi, kuma Eino yana cikin waɗanda suka riƙe igiyar. Ya tuna bayan maganar ta riga ta fita. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

Suka iso gida. Ta tsayar da mota a ƙofarsa, amma bai buɗe ba. Ya zauna da ledar magani a cinya yana kallon tafkin ta gilashi. Wasu hankaki uku suna yawo a kan ƙanƙarar, inda aka zubar da kayan cikin kifi tun hunturu.

"Rhéa."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun ranar da aka binne mijinta.

"Dubi sama, ko ƙyallin gajimare babu. Yau za a yi sanyi na gaske. Kafin gari ya waye ƙanƙarar nan za ta ɗaure kamar dutse, kuma za ta riƙe har wajen ƙarfe tara. Da babur, minti ashirin na je na dawo. Ina zaune, inji ke aikin. Jibi ruwa zai sauka, daga nan kuma shi ke nan." Ya ɗan tsaya ya ja numfashi. "In Allah ya sa kin ci karo da makullin nan, ko a ina ne, ba zan tambaya ba. Ki ajiye mini a kan matakalarki."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Tausayinsa ya kama ta, amma fuskar Normand ta fi kusa.

"Ban gan shi ba, Eino."

"To," in ji shi. "Madalla."

Ya fita, ya rufe ƙofar motar a hankali, abin da bai taɓa yi ba.

Da yamma ta sauko da gwangwanin, ta buɗe, ta ga kan makullin ya leƙo daga cikin sukari. Ta rufe ta mayar. Gara ya yi fushi da ita yana raye, ta faɗa wa kanta, fushin tsoho ai bai wuce mako. Bukkar nan tana da nisan mil guda da wani abu. Mutumin da taku arba'in ke sa shi haki, in babu babur ina za shi? A ganinta ta toshe ƙofa ɗaya tilo da ke akwai.

Shiru ne ya tashe ta ranar Asabar. Ta ɗan jima a kwance kafin ta gane abin da ya ɓace: rufi ya daina ɗiga. Tagar ɗakinta ta yi fari da sanyi. Tsohon ya yi gaskiya ke nan, ta ce a ranta, za ta sha gori yau.

Ta ɗora ruwan zafi, ta goge tagar kicin da hannun riga. Babu hayaƙi a bututun gidansa. Eino kuwa ƙarfe biyar yake hura wuta, ko ranar Kirsimeti.

Ta buɗe ƙofar baya. A kan farin sanyin da ya rufe ciyawa akwai sawun takalmi. Ya taso daga gidansa, ya zo har gindin matakalarta, ya tsaya. An ga alamar ya ɗan jima a wurin, don sawun ya tattake. Daga nan ya juya ya gangara tafki.

Ta ɗauko madubin hangen nesa na marigayi mijinta, ta jingina gwiwar hannu da taga. Duk hunturun nan bukkar tana daidai da dogon itacen da ke kan tsibiri. Yanzu ta gota. A gabanta ga mutum a duƙe, igiya ta ratsa ƙirjinsa, yana ja kamar dokin amalanke. Bukkar tana kan katakai biyu masu santsi, tana biyo shi kaɗan-kaɗan. Ya yi taku goma ya tsaya. Ya yi bakwai ya tsaya.

Ta buga wa Lorne.

"Ya fita da ƙafa. Yana janta da ƙirjinsa, Lorne, da ƙirjinsa!"

"Innalillahi, wannan tsoho! Ga mu nan, zan kira motar asibiti. Minti ashirin da biyar. Rhéa, kada ki hau ƙanƙarar nan. Kina ji na? Kada ki sa in ciro mutum biyu."

Wayar na kunnenta, madubin na idonta, ta ga mutumin ya durƙusa. Ya dafa ƙanƙara da hannu ɗaya. Bai tashi ba.

Ba ta san lokacin da ta fizgo gwangwanin ba. Ya suɓuce, sukari ya watsu a ƙasa har ƙarƙashin murhu. Ta tsinci makullin, ta zura takalma a kan rigar barci, ta figi rigar sanyi.

Babur ɗin yana cikin rumfarsa, an juya hancinsa zuwa tafki, an cika tanki, an ɗaura sabuwar igiya a baya. Tun jiya ya shirya komai, makulli kawai yake jira. Bugu ɗaya ya tashi.

A bakin ruwa ta tsaya. Inuwar itatuwa ta rufe wurin, ƙanƙarar ta manne da gaɓa. Ta dubi duhun da ke gabanta. Ta kira sunan ƙanenta sau ɗaya, a fili, sannan ta matsa mai.

Tana jiran ƙarar tsagewa. Ta san yadda ake cewa abin yake, ƙara ɗaya kamar bindiga, sai gaba ya nutse. Ta wuce taku ɗari, ta wuce ɗari biyar. Ƙanƙarar ko tari ba ta yi ba. Ta ɗauke ta, ta ɗauki babur, sumul kamar titin birni. Wani baƙin ciki ya taso mata wanda ya fi tsoron ciwo, don kowane taku yana gaya mata cewa minti ashirin ɗin da ya roƙa gaskiya ne.

Ta same shi zaune ya jingina da ƙofar bukkar, igiyar tana jikinsa. Ya jawo ta kusan sulusin hanya. Fuskarsa ta yi launin toka, leɓɓansa sun yi shuɗi, 'yar kwalbar maganin da yake fesawa a ƙarƙashin harshe tana yashe kusa da gwiwarsa. Ya dubi babur ɗin, sannan ya dube ta.

"Ashe ya fito."

"Yi mini shiru."

"A ina kika same shi?"

"Eino, na ce ka yi mini shiru."

Ta durƙusa tana kwance igiyar daga ƙirjinsa. Ya kama hannunta ya juya tafin. Sukari ya manne a yatsunta.

"Cokali biyu nake sha," in ji shi, har da ɗan murmushinsa. "Na ce miki ƙanƙarar za ta ɗauka."

"Ka ce. Tashi, ka hau bayana. Motar asibiti tana hanya."

Ya yunƙura, ya koma. Hannunsa na hagu ya ƙi ɗaguwa. Ta gane ba zai iya riƙe ta ba, in ta ɗora shi a baya zai zame kafin su yi nisa.

"Sa ni ciki," ya ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Ki ƙulla igiya a ƙugiyar baya. Tafiya ɗaya, kaya biyu."

"Kai dai ko a bakin kabari sai ka yi wayo."

"Kina da wata dabarar?"

Ba ta da ita. Ta sa hannu a hammatarsa ta ja, shi kuma yana turawa da dugadugai, har ta kai shi kan bencin ciki. Bukkar tana warin kifi da kalanzir da tsohuwar taba. Ya riga ya ɗaure murhu da tulun gas da waya, ya toshe ramin ƙasa da katako, ya share ko'ina, har ƙugiyoyi ya jera a gwangwani. Ta lulluɓe shi da bargon da ke wurin. Ta ciro ludayin da yake kwashe ƙanƙara daga rami, ta danƙa masa.

"Ka riƙa buga bango da wannan, in san kana nan."

"Kada ki yi gudu, Direba. Ki bi sawuna. Ki riƙe inuwa."

"Shekara ashirin da takwas ban taɓa zubar da ɗan kowa ba."

"Shi ya sa na yarda."

Ta rufe ƙofa ta sa sakata, ta ƙulla igiya, ta ja. Bukkar ta ɗan turje, sannan ta biyo. Ta cikin ƙugin inji tana jin bugun ludayi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Rana ta leƙo ta saman tsibiri, ƙanƙarar da ke hannun dama ta fara sheƙi. Ta so ta murɗa mai har ƙarshe, ta hana kanta. Ta riƙa yi masa magana da ƙarfi ba tare da ta waiwaya ba, duk abin da ya zo bakinta. Ta ce masa mai taurin kai. Ta ce za ta yi masa miyar wake da naman alade, ta ce za ta zaɓe shi in ya tsaya takara. Ƙwas, in ji ludayi. Da suka kusa gaɓa sai ta ga kamar bugun ya yi nisa da juna, amma ta ce wa kanta inji ne ya cika ƙara.

Ba ta tsaya a bakin ruwa ba. Ta haye gaɓa, ta ja har katakan suka yi gurnani a kan tsakuwa, bukkar ta hau busasshiyar ƙasa gaba ɗayanta. Ta kashe inji.

"Mun iso, tsoho! Ga bukkarka a tudu, sai ka bar mutane su huta."

Daga rufin rumfarsa ɗigon farko ya faɗo, sai na biyu.

Ta zare sakata. Yana zaune yadda ta bar shi, bargo har wuya, kansa ya jingina da bango, hula ta ɗan karkace. Fuskarsa tana wajen 'yar tagar bukkar, wadda yanzu babu komai a cikinta sai rassan itatuwan gaɓa. Ludayin yana kan cinyarsa, yatsunsa a kai.

Lorne da mutanensa suka iso, suka shimfiɗe shi a kan tsakuwa, suka yi ta danna ƙirjinsa har motar asibiti ta zo ta karɓa. Rhéa tana tsaye da rigar barci a ƙarƙashin rigar sanyi, ba wanda ya ce mata ta matsa. Da motar za ta tafi, ba ta kunna jiniya ba, don rai ya riga ya yi halinsa.

Lorne ya tsaya kusa da ita yana goge gumi da hula. Ya dubi tafkin, ya girgiza kai.

"Wallahi ban yi zaton ƙanƙarar za ta ɗauki babur ba, balle da bukka. Tsohon ya san ruwansa."

Bai faɗa don ya soke ta ba, bai ma san ya soke ta ba. Ta ce masa ita za ta kira Kaisa.

Kaisa ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta ce, "Amma Anti, ya aka yi ya hau? Ba kin ɗauke makullin ba?"

"Na ɗauke," in ji Rhéa. "Na ɗauke, 'yata."

Bayan azahar ta shiga gidansa don ta kashe fitilu ta zuba wa kyanwarsa abinci. Kwanon karin kumallonsa a wanke yake, an kife shi a kan tawul. Ta ciro makullin daga aljihu, ta goge shi da gefen riga, ta rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Ta tagarsa tafkin ya zama fili fetal, babu komai a kai. Gajimare ya fara haɗuwa ta yamma. Rana ta narkar da sawun katakan bukkar, ruwa ya kwanta a ciki, layi biyu masu sheƙi tun daga tsakiya har gaɓa. Na kusa sun miƙe sak. Can nesa kuwa, wajen tsibiri, sun karkace nan sun karkace can, da 'yan ramuka a tsakaninsu inda ƙafa ta dafa. Ta tsaya tana kallo, kyanwar tana goga mata jiki a ƙafa, har ruwan ya haɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya.